Kafin ka kwashe iyali zuwa ƙauye: yadda ake auna gari da gonarsa

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kwanon masara ya ruga ya bar albashi a baya, tambaya ɗaya ake ta jefo mini a wurin ɗaurin aure, a ƙofar masallaci, har a waya bayan isha'i: "Malam, birni ya ishe ni. Ina so in koma inda zan noma abin da zan ci, in ɗaure 'yan awakina, in wata masifa ta taso ta same ni da hatsi a rumbu. Wace ƙaramar hukuma ce ta fi?"

Ba na kama suna. Kano kaɗai tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27, kuma a cikin ƙaramar hukuma guda sai ka tarar da ƙauyen da rijiyarsa ba ta taɓa ƙafewa ba, ga wani can gaba, tafiyar rabin awa a babur, inda mata ke fita neman ruwa tun kafin kiran assalatu. Abin da zan iya ba ka shi ne yadda ake aunawa, da jerin da ake bi. Abin da zai iya cin ranka shi ake fara dubawa, sai abin da zai ci dukiyarka, biyan kuɗin gona kuma shi ne na ƙarshe. Yawancinmu ta ƙarshen muke farawa. Ni ma ta nan na fara, zan zo kan labarin.

Aikin yana cin shekara guda aƙalla, don dole ka ga wurin a bazara ka kuma gan shi a tsakiyar damina. Kayan aikin ba su da yawa: littafi da biro, waya mai taswirar Google, igiyar guga mai tsawo, shebur ko diga, kwalbar roba fara, takalmin ruwa, da ɗan goro da kuɗin gaisuwa. Kuɗin mota da na acaba su ne babban abin da za ka kashe kafin mataki na takwas.

1. Fara da lissafin cikin gidanka

Kafin ka dubi taswira, dubi tukunya. Mutum ɗaya yana cin hatsi kusan buhu biyu a shekara, buhu mai kwano 40. Gida mai mutum takwas ke nan buhu 16, wato kwano biyu ba kaɗan kowace rana. Amma ba buhu 16 za ka noma ba. Akwai zakka, ɗaya cikin goma ga noman damina idan ya kai nisabi. Akwai iri, akwai rabon ƙwari da ɓera, akwai wanda za ka sayar ka sayi taki da magani da gishiri, akwai 'yan'uwa na birni da za su tuna da kai da kaka. Ka sa buhu 25 zuwa 30 a ranka.

Gero da dawa a gona ta talaka, ba taki mai yawa, sukan ba da wajen buhu goma a hekta ɗaya. Hekta uku ke nan kake nema, ban da fegin wake da gyaɗa da ɗan lambu. Masara a ƙasar Zariya ko Saminaka tana iya ninka wannan sau biyu ko uku, amma da sharaɗi: cikakken takin da malaman gona ke cewa a ba hekta ɗaya ya kai buhu takwas na NPK da kusan uku na yuriya. Je ka kasuwa ka tambayi farashin buhun taki yau, ka ninka, ka rubuta.

Sai ruwa. Lita 20 ga kowane mutum a rana shi ne ƙarami, gida mai mutum takwas jarka shida zuwa bakwai ke nan. Saniya guda a zafin bazara tana shan fiye da jarka ɗaya.

Hattara: kada ka lissafa 'ya'yanka na birni a matsayin ma'aikatan gona. Yaron da bai taɓa riƙe fartanya ba, shekarar farko ɗan kallo ne. Sa kuɗin ƙwadago a lissafi: sharar gona, huɗa, noman fari, maimai, girbi, sussuka.

2. Tace wurare da ma'aunin tsaro

Nan ne ake zubar da rabin sunayen da ke cikin littafinka, kuma ba sai ka tashi daga gida ba. Kowa ya san halin da yawancin Zamfara ke ciki, da Birnin Gwari, da Batsari, Safana, Jibiya, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a Katsina, da Isa da Sabon Birni a Sakkwato, da Shiroro da Rafi a Neja. Abin takaici, wasu daga cikinsu su ne ƙasar noma mafi albarka a Arewa. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne maƙwabta. Buɗe taswira ka duba nisan ƙauyen da kake so da babban daji irin Rugu ko Kamuku ko Kuyambana, ka duba ko akwai daji mai haɗe da juna da babur zai bi ya iso ba tare da ya ratsa babban gari ba. A 2025 hare-hare sun tsallako har Shanono da Tsanyawa a Kano, wuraren da a da ba a sa su a wannan lissafi.

Bayan taswira sai tambaya, kuma ba dillalin gona ake tambaya ba. Je ka tashar da motocin garin ke lodi, ka sha shayi, ka yi hira da direbobi da 'yan acaba. Kada ka ce "Akwai zaman lafiya?" don amsar ɗaya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Ka ce, "Ɗan'uwa, har ƙarfe nawa kuke bin hanyar nan?" Wanda ya ce "In an yi la'asar ba na shiga" ya gama ba ka labari. Ka tambaya ko dagaci a garin yake kwana ko ya koma hedikwatar ƙaramar hukuma. Ko malaman firamare da ma'aikacin asibiti suna kwana. Ko ana noma gonakin nesa, ko kowa ya tattaro ya maƙale a bayan gari. Ko akwai shanun huɗa a turke, don su ake fara kwashewa. Ko an taɓa haɗa kuɗi aka kai wa wasu kafin a yi girbi. Wannan ta ƙarshe ba a amsa ta a bainar jama'a, sai kun keɓe.

Hattara: gona mai kyau da aka yi mata kuɗi ƙasa da na maƙwabtanta, ruwa ba ya tsami banza. Ko tsoro ne ya kori mai ita, ko rigimar gado, ko ruwa.

3. Ruwan sama da ambaliya

Ruwan sama yana raguwa in kana yin arewa. Kudancin Kaduna yana samun wajen milimita 1,500 a shekara, Zariya sama da 1,000 kaɗan, Kano wajen 800 zuwa 900, can Nguru da bakin iyakar Nijar kuwa rabin na Zariya ma da ƙyar. Wannan shi ke yanke abin da za ka shuka. Mai son masara da doya kada ya nufi Maigatari, mai son gero da kiwon tumaki kuma zai fi jin daɗin can. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin damina ta kankama. Nemi na shekaru uku ko huɗu a jere. Sunan da ke maimaituwa kowace shekara, ka ja masa layi.

Sannan ka tambayi kanka: me ke sama da ni? Duk wanda ke ƙasan dam yana rayuwa ne da shawarar wanda ke riƙe da ƙofar dam ɗin da kuma ƙarfin ginin. Ruwan Tiga da Challawa shi ke gangarawa kogin Haɗeja, kuma mutanen Ringim, Auyo, Kafin Hausa da Guri sun san abin da hakan ke nufi, balle da ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwan. Dam ɗin Goronyo ya yi ɓarna a Sakkwato a 2010. Dam ɗin Lagdo yana Kamaru ne, amma in an buɗe shi Adamawa da Taraba da Binuwai ke kwana a tsaye. Dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare a watan Satumbar 2024 ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, bayan ya taɓa yin haka a 1994. Shekara talatin tsakani: wanda ya sayi fili a wurin a 2010 zai rantse maka ruwa bai taɓa zuwa ba, kuma a iya saninsa gaskiya ya faɗa. Mokwa kuwa ranar 29 ga Mayun 2025 ruwa ya same su da asuba, damina ma ba ta zauna ba, aka rasa mutum fiye da 150.

Ba cewa nake a guji fadama ba. Fadama ita ce abincin rani. Gona a fadama, gida da rumbu da turke a kan tudu, haka kakanni suka yi.

4. Ziyarar farko: watan Afrilu, ka je wa rijiya

Afrilu ne ƙarshen haƙurin ruwan ƙasa. Abin da ka gani a rijiya a wannan wata shi ne gaskiyarta. Je ka da sassafe ka tsaya a bakin rijiyar gari. Dogon layi? Ana jira ruwa ya taru kafin a zura guga? Ruwan da ke fitowa garau yake ko ya haɗu da laka? Zura igiyarka da ɗan dutse har ka ji ya taɓa ruwa, ka jawo ka auna da gaba, kamar yadda masu haƙar rijiya ke yi. Yi haka a rijiya uku aƙalla, a kusurwoyi daban-daban na garin.

Lambar tana da amfani. Ƙaramin injin ban-ruwa da ake ajiyewa a sama ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas, wajen gaba huɗu ke nan. In ruwan fadamar ya fi haka nisa a Afrilu, mafarkin lambun tumatir da albasa da ɗan inji ya rushe, sai burtsatse da famfon da ake zurawa ciki, kuɗin kuma ba ɗaya ba ne.

Burtsatse ma ba ko'ina take amsawa ba. Yawancin Kano da Kaduna da kudancin Katsina a kan dutse suke zaune, ruwan yana cikin tsagar dutsen ne, sai ka haƙa nan ka samu, maƙwabcinka ya haƙa taku hamsin daga nan ya tashi a tutar babu. Gabashin Jigawa da Yobe da Barno, da yankin Sakkwato, ƙasarsu yashi ce mai riƙe ruwa, samu ya fi tabbas ko da yake wani wurin da zurfi. Ƙirga burtsatsen da ke garin, masu aiki da matattu, ka tambayi abin da ya kashe kowace. In hannun famfo ne ya karye, wannan gyara ne. In cewa aka yi "ai tun da aka haƙa ba ta ba da ruwa ba," rubuta da babban baƙi.

Ɗanɗana ruwan. Mai ɗanɗanon kanwa ko gishiri ba ya yi wa lambu, sabulu ma ba ya kumfa da shi. Dubi haƙoran yaran garin: in da yawansu sun yi ja-ja ko dabbare-dabbare, ɗebi ruwan a kwalba ka kai a gwada. Giginya da goruba da suka yi yawa a wuri alama ce ruwa bai yi nisa ba, amma alama ce kawai, igiya ita ce shaida.

Hattara: kada ka yarda mai injin haƙa ya ce maka "ko'ina akwai ruwa, Alhaji." Shi da mita ake biyansa, a samu ko kada a samu. Kira masu auna ƙasa da na'ura tukuna. Kuɗinsu yawanci bai kai ɗaya cikin goma na kuɗin haƙar ba. Kuma duk inda rijiya za ta zauna, masai ya yi nesa da ita da mita 30, ya kasance ta gangare, in ba haka ba kai da kanka ka gayyato amai da gudawa.

5. Ziyara ta biyu: watan Agusta, cikin marka

Ga labarina. A watan Fabrairu aka kai ni na ga wata gona, ƙasa baƙa wuluk, shimfiɗe kamar tabarma, kararen dawar maƙwabta masu kauri. Dillali ya ce akwai wani mutumin Legas da ke zuwa jibi da kuɗi a hannu. Na biya. Da na koma a Agusta, babur ya ajiye ni a bakin hanya na ƙarasa a ƙafa, na tarar da agwagin ruwa suna iyo a inda na yi niyyar kafa ɗaki. Wani dattijo da ke wucewa da kwando ya dube ni ya ce, "Yaro, kai ne ka sayi kwarin?" Ashe duk garin kwari suke kiran wurin. Ni kaɗai nake ce masa gona. Na ce, "Baba, me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Ya ce, "Wa ka tambaya?"

Shinkafa nake yi a wurin yanzu, ba a yi asara duka ba, amma ba abin da na saya ke nan ba.

Don haka ka tambayi sunan da mutanen gari ke kiran filin. Sunaye ba sa ƙarya: tudu, jigawa, fako, kwari, tafki, fadama, dutse. Ka je washegarin ruwa mai ƙarfi. Dubi inda ruwa ya kwanta da inda ya bi ya wuce. Dubi jikin katangu da gindin bishiyoyi, ambaliya tana barin zane, takan kuma bar tarkacen kara da leda a reshen da ta kai. Dubi inda tsohon gari da masallacin Juma'a da maƙabarta suke, don na da ba su kafa su da ka ba. In ka ga kufai, tambayi abin da ya tashe su. Tsofaffin mata sun fi kowa riƙe irin wannan. Ka ce, "Iya, shekarar da aka yi babban ruwa, ina ya tsaya?" ka ambata mata 2012 da 2020 da 2022 da 2024, za ta nuna maka da yatsa, har da gidan da aka kwana.

A wannan tafiyar ce kuma za ka auna hanya. Sa agogo daga bakin kwalta zuwa gonar, ka kwatanta da na Afrilu. Ƙirga mashigai da kwalbatoci. In akwai rafin da ke yanke garin na kwana biyu ko uku in ya kawo, tuna cewa naƙuda ba ta jiran rafi ya janye. In sai da kwalekwale ake shiga, tuna yawan haɗarin jirgin ruwa da ake ji daga Neja da Kebbi da Sakkwato kusan kowace damina. Kuma ka tabbata garin yana da mafita biyu. Gari mai hanya ɗaya, ko gada ce ta karye ko mugaye ne suka tare, an rufe ku.

6. Haƙa ƙasar ka gani

Tun kana can a Agusta, dubi amfanin gonar da na maƙwabta. Furen wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, in ya yi shuɗi-shuɗi ko ja-ja a cikin dawa ko gero, ƙasar ta gaji, kuma irinta yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran ka. Sabara da ta mamaye fili ita ma shaidar gajiya ce. Gawo kuwa abokin manomi ne: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, gindinsa ya fi ko'ina yabanya. Ɗorawa, kuka, kaɗanya da tsamiya miya ce da kuɗin kashewa da ba sai ka shuka ba.

Haƙa rami uku ko huɗu a wurare daban-daban, zurfin gwiwa zuwa ƙugu. In shebur ya ci karo da marmara tun bai kai kamu ɗaya ba, saiwa ma nan za ta tsaya. Damƙi ƙasa mai laima a hannu: wadda ta warwatse rairayi ce, ta gero da gyaɗa da wake, wadda ta dunƙule ta kuma farfashe da ɗan matsi ita ake nema, wadda ta yi danƙo kamar ta maginin tukwane laka ce, ta shinkafa da dawar fadama, huɗarta kuma sai shanu masu ƙarfi. Cika ramin da ruwa. In ka dawo washegari yana nan, masara ba za ta ji daɗin wurin ba.

In gonar babba ce, ɗebi ƙasa daga ramukan ka gauraya ka kai sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko na Jami'ar Bayero. Malamin gona na hukumar jiha, irin KNARDA a Kano ko JARDA a Jigawa, zai gaya maka irin da ya karɓi yankin, ko SAMMAZ na masara daga cibiyar binciken aikin gona ta IAR, ko geron SOSAT.

Hattara: tambayi ko ana haƙar zinari a kusa, ko an taɓa niƙa dutsensa a cikin gari. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda dutsen da ake kawowa gida a daka a tsakar gida. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan a ƙasa sai an kankare an kwashe. Wurin haƙar ma'adinai kuma yakan jawo baƙin da ba ka so su san ƙofar gidanka.

7. Asibiti, kasuwa, waya

Shiga asibitin garin da kanka, ranar da ba ta kasuwa ba, da yamma. Akwai mutum? Akwai ungozoma da ke kwana? Ina ake kai wanda ke buƙatar ƙarin jini ko tiyata, kuma awa nawa ne a Agusta? Tambayi maganin sarar maciji. A ƙasar da kububuwa ta yi yawa, kamar kudancin Gombe inda har asibitin masu sarar maciji ke akwai a Kaltungo, wannan tambaya ce ta rai da mutuwa, kuma lokacin noma da girbi ne ta fi sara.

Kasuwa: wace rana take ci, kuma motocin hatsi suna shigowa har ciki? Wanda ke kusa da Dawanau, ko Wudil ta Juma'a, ko Ɗambatta ta Lahadi, ko Maigatari ta Alhamis, kayansa ba sa kwantai. Duba injin niƙa, mai gyaran babur, maƙeri, da makarantar boko da ta allo.

Gwada layin waya biyu ko uku a tsakiyar gonar, ba a bakin titi ba. Amma kada ka ɗora rayuwarka a kansa. A watan Satumbar 2021 an kashe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. A farkon 2023 kuma takardun naira suka ɓace, mai kuɗi a banki ya rasa na cefane. Garin da ya saba da rediyo, da bashi tsakanin maƙwabta, da musayar hatsi da kaya, shi ya fi jure irin waɗannan ranaku.

8. Mutanen gari, sannan aron gona na damina guda

Da ɗan gari akan ci gari. Fara da mai unguwa, ya kai ka wurin dagaci, ka cire takalmi ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne ke neman wurin zama a ƙarƙashinku." Gaida liman da sarkin noma. Kada ka tsallake arɗo. Tambaye shi inda burtali ya bi da inda shanu ke shan ruwa, sannan ka tambayi manoma abu ɗaya, ka ga ko amsar ta zo ɗaya. Gonar da ta ci burtali rigima ce da ka saya da kuɗinka, kowace kaka sai ta tashi. Tambayi yadda aka raba rigimar ɓarnar shanu ta ƙarshe: a zauren dagaci aka gama, ko sai da aka zubar da jini? Ana gayya har yanzu? In gobara ta tashi ko ɗaki ya faɗi, wa ke fitowa?

In duk wannan ya kwanta maka, kada ka saya tukuna. Karɓi haya ko aro na damina ɗaya, ka kama ɗaki a cikin gari, iyali su zauna inda suke. A wannan shekarar za ka san ko tsuntsayen jan-baki suna sauka, ko birai da gwanki ne abokan rabonka, ko ana satar amfanin gona a tsaye, ko leburori suna samuwa lokacin noman fari da kowa ke neman su. Ka adana abin da ka girbe a garin, wake a buhun PICS mai leda biyu a ciki, dawa da gero a rumbu, ka ga yadda za su kai bazara. Kuɗin hayar shekara ɗan kaɗan ne a kan kuɗin saye, kuma a nan ne maƙwabta za su fara raɗa maka wace gona ce za a sayar da gaske, wace ce ake gudunta.

9. Ciniki da takarda

Tambaya ta farko ga mai sayarwa: ta yaya gonar ta zo hannunka? In gado ne, an raba? Nemi takardar rabon daga kotu ko daga malaman da suka raba, kuma kowane magaji ya sa hannu, har mata da waɗanda ke aure a wani gari. Ƙanwar da ba a tambaya ba, ɗanta ne zai zo maka da sammaci bayan shekara goma. Tabbatar ba jingina take ba a hannun wani. Je ka sashen filaye na ƙaramar hukuma ka bincika ko wurin ya faɗa cikin gandun daji na gwamnati, ko makiyaya, ko filin hukumar raya kogi.

Ranar ciniki a zaga iyaka a ƙafa, da mai gona, da maƙwabtan kusurwa huɗu, da wakilin dagaci. Kunna wayarka ta ɗauki zagayen don ka san girman na gaskiya, "ai ta kai eka goma" ba awo ba ne, kuma hekta ɗaya eka biyu da rabi ce. A kafa alama nan take, a bi da gamba ko bini-da-zugu in ruwa ya sauka. Tambayi bishiyoyin ma, don a wasu garuruwa ɗorawar da ke cikin gona tana da mai ita daban.

Hattara: kuɗin gona ba shi kaɗai za ka biya ba. Akwai la'adar dillali, yawanci kashi 5 cikin 100, akwai goron shaidu da na masu gari, akwai kuɗin mai awo da na takarda. A yanke kowanne kafin a yi sallama. Biya ta banki zuwa asusun mai gonar kansa, ba na dillali ba, a rubuta takardar ciniki da Hausa in ita kowa ke karantawa, shaidu su sa hannu, dagaci ya buga hatimi, hakimi ya tabbatar.

Takardar dagaci shaida ce, amma ba ita ce ƙarshe ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar gargajiya a kan filin karkara, har zuwa hekta 500 na noma. Ɗauki takardar cinikinka da zanen mai awo ka kai sakatariya ka nemi wannan. Ka yi kwafi uku: ɗaya a gidanka, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari, ɗaya hoto a waya. Ta gidan ka naɗe ta a leda ka sa a akwatin ƙarfe, ka ɗora a sama, inda gara da ruwa ba sa kaiwa.